Mahauci a Dutsen Zinariya

A Doso na fara gane cewa mun bar ƙasarmu da gaske. Har Dogon Dutsi Hausa muke ji ko'ina, kusan irin tamu ta Zamfara. Amma da mota ta tsaya a Doso na leƙa na taya ƙosan wata mata, sai ta amsa mini da harshen da ban taɓa ji ba. Na waiwayi Kawu Mamman. Ya ce, "Zabarmanci ke nan. Daga nan gaba sai ka riƙa nuni da yatsa."

Kawu Mamman ƙanen mahaifiyata ne, manomi daga wajen Dosara. Ni kuwa sunana Ummaru, ɗan gidan mahauta a Talata Mafara. Dangin uwata ba su taɓa son aurenta da mahauci ba, saboda haka tsakanina da Kawu ba abin da ya wuce gaisuwar salla, sai da wahala ta zaunar da mu kujera ɗaya. Tun da aka datse gulbi a Bakolori ruwa ya haye gonarsa ta fadama, inda yake noman shinkafa da rake. Mu na ƙasa abin ya same mu ta wata fuska. Fadamun Bakura da Fulani ke sauka da rani suka bushe, shanu suka yi ƙaranci a kasuwa, ga fari ya biyo baya. Ana cikin haka labari ya zo cewa zinariya ta ɓulla a yammacin Nijar, ƙetaren kogin Kwara, wai mutum kan shiga da tsumma ya fito da babur. Kawu ya sayar da shanun huɗarsa, ni na sayar da kekena.

A Yamai muka kwana a tasha, washegari muka bi gefen kogi zuwa mafitar jirgin fito. Ban taɓa ganin mota ta hau jirgi ba sai ran nan. Da muka ƙetare, wani direban a-kori-kura ya ji muna magana, ya taho da fara'a.

"Kai, mutanen Mafara! Ai uwata 'yar Bakura ce. Ina gajiya? Ina mutanen gida? Dutsen zinariya za ku? Ku hau, har bakin rami zan sauke ku."

Kawu ya ji daɗi har ya ɓara masa goro. Muka yi ta tafiya cikin jeji, fasinjoji na sauka ɗaya bayan ɗaya, har ya rage mu kaɗai. A wata mararraba ya tsaya, ya nuna mana wani tudu, ya ce bayansa ne, yashi ba zai bar mota ta ƙarasa ba. Muka yi masa godiya har da addu'a.

Bayan tudun ba kowa. Wani tudun ne, bayansa kuma wani. Muka kwana gindin wata aduwa, muka tashi muka ci gaba, rana ta take, ruwan gorarmu ya ƙare. Can na ga Kawu yana tafiya yana karkata kamar mai jin barci, leɓensa ya tsage. Na karɓi kayansa na haɗa da nawa. Ban ji tsoron mutuwa ba, haushi kawai nake ji, wai mu da ruwa ya kora daga gida mu zo ƙishirwa ta kashe mu.

Kukan jaki ne ya kai mu rijiya. Wata mata ce siririya, baƙa, da goyo a bayanta, tana kora jaki yana jan guga. Can nesa kaɗan akwai tantunan fata ja. Da ta gan mu ba ta tambayi komai ba. Ta zuba ruwa a akushi ta miƙa wa Kawu, da ya kafa kai zai shanye sai ta riƙe masa wuyan hannu, ta sa shi kurɓa kaɗan-kaɗan, sauran ta kwara masa a ka. A nan na lura ɗan yatsanta ɗaya guntu ne, da alama igiyar guga ce ta cinye shi. Ta cika mana gora, ta kwance bakin zanenta ta ba mu ɗan garin gero. Na ce, "Tondi?" don haka ake kiran wurin zinariyar, wato dutse da Zabarmanci. Ta durƙusa ta zana mana hanya a ƙasa, mu bi busasshiyar ƙorama kada mu rabu da ita. Na ciro 'yan kuɗi zan ba ta, sai ta dubi wajen tantunan nan, ta ɓoye hannayenta a baya.

Tondi ba gari ba ne. Tudu ne na jan dutse da aka huda ko'ina, rami kusa da rami, bukkokin zana da na buhu sun kewaye shi. Tun daga nesa kake jin daka, ana farfasa dutse a turamen ƙarfe, mata na sheƙe garin, wasu na wanke shi a ƙwarya da ɗan ruwan da aka sayo. Akwai Zabarmawa da Gurmawa da Mosawa, da Fulanin da fari ya raba da shanunsu, da Hausawa daga ko'ina. Shugaban wurin wani dattijo ne Bazabarme, Tsoho Hamani, shi ya fara sarar dutsen. Doka ɗaya ya kafa, kowa ya san ta: mutum ɗaya, rami ɗaya.

Ba mu huta ba aka sake cutarmu. Wani mutum mai tsabtar riga ya ce zai koma gida mahaifinsa ba lafiya, yana neman mai sayen raminsa. Aka zura Kawu da igiya, ya haska tocila, ya ga bango na ƙyalli. Ya fito ya ba da duk abin da ya zo da shi. Muka fasa, muka daka, muka wanke, muka kai wa mai awon zinariya. Ya ɗiga wani ruwa a kai, ya dubi Kawu da tausayi.

"Baba, tagulla ce. An goge kwaɗon ƙofa da magagari an watsa maka."

Mai tsabtar riga kuwa ko ƙurarsa.

Kawu ya zauna bakin ramin ya ƙi cin abinci. Na ce masa, "Kawu, ni ban iya dutse ba, amma na iya nama. Mutanen nan duk suna da ciki." Na sami wani Bafillace da akuya ƙashi da fata, muka daidaita, na kwaɓa laka na gina tukuba, na nemo ƙuli-ƙuli da yaji wajen wata Bagobira. Kafin magariba ko tsinke bai rage ba. Cikin ɗan lokaci duk Tondi an san tukubar Ummaru Zamfara. Na yi haya da amalanken jaki, ina shiga rugage ina sayo dabbobin da masu su ke tsoron su mutu a hannunsu. Kawu kuwa taurin kai ya mayar da shi ramin nan na tagulla. Ya ce tun da ya biya, sai ya ga ƙarshensa.

Kewar gida ranar Talata ta fi kama ni. Sai in farka jikina na gaya mini yau kasuwa ce, yanzu motocin Gusau da na Sakkwato sun fara sauke kaya, yanzu babana na ɗaura walki. Kawu shi lissafinsa na gona ne. Yana cikin cin tuwon gero mai tsakuwa sai ya ce, "Da war haka shinkafa ta fid da kai." Gonar kuwa tana ƙarƙashin ruwa, kifi ke yawo a kanta.

Akwai wani mutum da kullum da la'asar sakaliya yakan zo ya tsaya inda hayaƙin tukuba ke bi, jikinsa fari fat da garin dutse. Ba ya saye, ba ya roƙo. Ran nan na yanko hanta na miƙa masa. Ya ce da wata Hausa mai nauyi, "Ba ni da abin biya."

Na ce, "Ai na ga ramin da kake shiga. Ramin nan yana ba da zinariya."

"Yana bayarwa. Ba tawa ba ce."

Sunansa Bilal. Ya koyi Hausa ne wajen kora dabbobi zuwa kasuwannin ƙasar Hausa. Ya ce shi na Agali ne, kamar yadda ubansa yake na uban Agali. Na san Agali, yana sayen nama wurina. Dogo ne fari, rawani ya rufe masa baki, ga takobi a rataye, mutum mai ladabi wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Fari ya kashe masa raƙuma da shanu, abin da ya rage masa a duniya shi ne mutane. Sai ya kwaso maza shida ya kawo Tondi, kowanne ya kama rami da sunansa, ka ga doka ba ta karye ba. Da yamma su juye masa abin da suka samu, ya ba su gero. Zabarmawa na kiran irin su Bilal da suna Bella.

Na ce, "Ashe har yanzu ana bauta? Mu a wajenmu sai dai a gori mutum da kakansa."

Ya ce, "A gari an daina. Mu ba a gari muke ba."

Daga ran nan kullum ina aje masa wani abu. Mukan yi hira, shi ya ba ni labarin rijiyoyi da raƙuma, ni in ba shi labarin ganuwar siminti da ta tsayar da gulbi guda. Bai yarda ba, ya ce ina ƙari.

Rigima ta taso ne da aka gano jijiyar zinariya ta bi gabashin tudu. Kafin mutane su farga, Agali ya jera mutanensa a kanta. Sai ga labari cewa ya aika a kawo masa ƙarin wasu, kuma wani mai bayi daga ƙetaren iyaka yana tafe da nasa, sun fi na Agali yawa. Tondi ta ɗau zafi. Gaskiyar magana, ba tausayin su Bilal ne ya tayar da mutane ba. Kowa ramin da zai rasa yake hange. Har an fara jifar Bella in sun zo ɗibar ruwa.

Ranar Juma'a bayan la'asar Tsoho Hamani ya tara mutane a filin da muke salla. Ana magana, tafintoci na juyawa. Wani Alhaji mai sayen zinariya ya fara, ya ce abin da aka tarar ne tun kaka da kakanni, dukiyar mutum dukiyarsa ce, kada a shiga abin da ba a sani ba. Na ga wasu na gyaɗa kai, waɗanda su ma suna da irin wannan a garuruwansu. Sai Kawu Mamman ya miƙe. Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

"Ni gonata ruwa ya ci, na yi haƙuri don ba ni iya faɗa da gulbi. Munka taho nan muna sara da hannunmu, farcena duk sun zube. Wanga mutum yana zaune inuwa yana shan shayi, ramunansa shida! Gobe ashirin! A kore su duka, shi da bayinsa, kada a bar ko ɗaya bisa dutsen ga!"

Wuri ya ɗauka. Na hango su Bilal a tsugune can gefe, bayan ubangidansu, kawunansu a ƙasa. Ana maganarsu kamar ana maganar jakuna.

A gida, in manya na taro, mahauci ba ya tsoma baki. Amma nan ba gida ba ne. Na miƙe na yi sallama. Wani daga baya ya ce, "Mahauci ma ya sami bakin magana?" Aka yi dariya.

Na ce, "Mahauci ne ni, ɗan mahauci. Kai mai magana, jiya ma daga hannuna ka ci, ba ka tambayi asalina ba. Ku saurare ni. In kun kori mutanen nan yau, me kuka yi? Sati mai zuwa wani zai zo da arba'in, da takubba, ya riga ya gaisa da jandarmomi a hanya. Za ku iya korarsa? Amma in kuka ce zinariyar da mutum ya haƙo tasa ce, ko wane ne shi, to wane mai bayi ne zai sake kawo bayinsa nan? Ya san in ya kawo su ya rasa su. Kuma waɗannan da kuke jifa, rami ɗaya kuke shiga da su, gari ɗaya kuke shaƙa. In rami ya rufta da ɗayanku, Agali ne zai shiga ya tono ku, ko su?"

Tafintoci suka juya. Surutu ya ɓarke. Kawu ya harare ni kamar zai cinye ni. Tsoho Hamani ya ja dattawan kowace ƙabila gefe, suka daɗe. Da suka dawo ya ce, "Rami na mai shigarsa ne. Abin da ya fito ciki nasa ne. In ya ga dama ya yi kyauta da shi, ruwansa. Amma daga yau ba mai awon da zai auna zinariya sai daga hannun wanda ya haƙo ta. Wanda ya saɓa, ya naɗe sikelinsa ya bar Tondi."

Agali ya miƙe a hankali. Ta bakin tafinta ya ce, "Kakana ya ciyar da kakanninsu a yunwar da ta fi wannan. In sun yi ciwo ni ne, in sun mutu ni ke binne su. Ku da kuka 'yanta su da baki, za ku ciyar da 'ya'yansu?" Sannan ya juya ga mutanensa ya faɗi wata gajeruwar magana da harshensu, ya kama hanya. Biyar suka tashi suka bi shi. Bilal ya tsaya a tsugune.

Da mutane suka watse na je na dafa shi. Na ce, "Me ya ce muku?"

"Ya ce mu tuna inda matanmu suke."

Matarsa Fadimata da 'ya'yansa mata biyu suna zangon Agali. Aka ce mana Agali ya hau raƙumin aro ya nufi gari zai kawo jandarmomi, garin kuwa ba hanyar zangon yake ba. Na ce wa Bilal in za a yi abu, to kafin ya dawo ne. Na tambaye shi inda zangon yake. Ya kwatanta mini wata rijiya a bakin busasshiyar ƙorama, ya ce kullum matarsa na can tana jan ruwa.

Na ce, "Mai guntun yatsa?"

Ya zaro ido. "Ina ka san ta?"

Kawu na zaune a bakin bukka yana jinmu, tun bayan taro bai ce mini uffan ba. Da asuba ina ɗaura wa jaki amalanke sai na gan shi ya fito da sandarsa da gora.

Na ce, "Kawu, ina zuwa?"

"Mi ya dame ka? Matar ga ta riƙe mini hannu ina mutuwa. Ko kai kaɗai ka sha ruwan?" Ya haye ya zauna, ya juya wa Bilal baya.

Rana ta yi tsaka muka isa. Tana nan inda muka bar ta, da jakinta da gugarta. Da ta ga mijinta sai igiya ta kuɓuce mata. Suka yi magana da harshensu, shi yana sauri, ita tana kallon ƙasa. Can ta zauna daɓas a cikin taɓo. Na ɗauka tsoro ne, ashe labari take ba shi. Bayan tafiyarsa Tondi an aurar da 'yar Agali, aka haɗa mata da babbar 'yarsu Tamu cikin kayan aure, ta riƙa yi mata aiki. An tafi da ita arewa, ba wanda ya gaya wa uwar ko wace rijiya.

Bilal bai yi kuka ba. Ya juya ya nufi tantunan nan da wata irin tafiya da ban so ba. Kawu ne ya diro daga amalanke ya sha gabansa, ya sa masa sanda a ƙirji.

"Tsaya, ɗan'uwa. In ka taɓa wani a can, ka rasa waɗanga biyu ma. Ɗauki na gabanka tukuna."

Ban taɓa jin Kawu ya kira wani baƙo ɗan'uwa ba. Bilal ya tsaya yana huci, sannan ya dawo.

Muka ce wa Fadimata ta hau mu tafi. Ta ƙi. Sai da ta cika salkunan ruwan gidan Agali duka, ta ɗora wa jaki, ta kai har ƙofar tanti. Muna biye da ita daga nesa. Ba namiji a zangon sai wani tsoho makaho. Matar Agali ta fito, ita ma yunwa ta taɓa ta, awarwaro na yawo a hannunta, ga yara ƙanana sun riƙe mata zane. Ta dubi amalanke, ta dubi Bilal, ta gane. Ba ta yi ihu ba. Ta kama gefen zanen Fadimata ta yi wata magana a hankali. Daga baya Bilal ya ce mini cewa ta yi, "Wa zai daka mana?" Tun da aka haife ta ba ta taɓa riƙe taɓarya ba. Fadimata ta sauke salkunan ta jera su a inuwa, ta zare zanenta daga hannun matar, ta shiga wata 'yar bukka ta fito da tukunya ɗaya da tabarma. Iyakar abin da ta mallaka ke nan. Ta hau amalanke da goyonta, ba ta waiwaya ba. Ni na waiwaya. Matar na tsaye a rana, yaran na kallonta.

Mun riga Agali isa Tondi. Da ya zo da jandarmomi biyu, babbansu ya zauna a kan bencina ya ce a kawo mai ƙara. Ya tambayi Agali, "Me aka sace maka?"

Agali ya ce, "Mutanena."

"Mutanenka kamar ya? 'Ya'yanka ne? Leburorinka ne?"

Agali ya san kalmar da yake nufi ba ta faɗuwa a gaban mai kaki. Jandarman ya ce shi bai ga abin da aka sace ba. Suka cinye mini cinyar akuya guda ba su biya ba, suka hau motarsu. Ban taɓa jin daɗin asara irin ta ran nan ba.

Agali ya kwashe sauran mutanensa ya bar dutsen. Kafin damina biyu daga cikinsu suka sulalo suka dawo da iyalansu, sauran ban sake jin ɗuriyarsu ba. Mai bayin nan na ƙetaren iyaka da ya ji abin da ya faru, a hanya ya juya. Labari ya bi rijiyoyi, Bella suka riƙa gudowa Tondi ɗaya-ɗaya, iyayen gijinsu kuma suka riƙa tsare hanyoyi, har an sari wani a kafaɗa. Shekaru bayan na dawo gida, da bindiga ta tashi a arewacin ƙasar, fataken dabbobi da ke zuwa kasuwarmu suka ce mini da yawa cikin irin su Bilal sun ƙi bin iyayen gijinsu na dā cikin faɗan. Masu ilimi suna da bayaninsu a kan wannan yaƙi. Ni dai abin da na gani da idona shi ne ranar da aka fara raba hanya a bakin rami.

Kawu da Bilal suka haɗa aiki, ɗaya na ciki ɗaya na jan igiya. Ba su yi arzikin a zo a gani ba, amma sun samu. Abin da Kawu ya tara shi ya saya masa 'yar gona a bakin kanal ɗin ban-ruwa na Bakolori daga baya. Kullum suna faɗa, Kawu na cewa Bilal bai iya ɗaurin igiya ba, Bilal na cewa Kawu ya cika mita, amma akushi ɗaya suke ci. Duk ayarin da ya sauka, Bilal zai je ya tambayi labarin wata yarinya mai suna Tamu. Har na bar Tondi ba a dace ba.

Babbar salla ta same mu a can. Ana saura 'yan kwanaki Bilal ya bi ni ruga, ya zaɓi rago da kansa, ya biya da zinariyar da ya haƙo. Ragon ba wani mai ƙiba ba ne, amma yadda ya jawo shi ta tsakiyar Tondi sai ka ce ingarma ne. Ranar salla bayan an sauko idi ya aiko a kira ni. Na tarar ya haƙa ɗan rami, Kawu ya danne ƙafafun ragon, Fadimata na tsaye da 'yar ƙaramar a hannu. Na naɗe hannun riga zan karɓi wuƙa.

Ya ce, "A'a, Ummaru. Yanka na iya. Na yanka raguna da yawa, duk na Agali. Abin da ban sani ba, me mutum yake cewa in ragon nasa ne?"

Na ce, "Ka yi bisimilla, ka yi kabbara. Sannan ka ce, Allah ka karɓa daga gare ni da iyalina. In ka so ka ambaci sunayensu."

Ya durƙusa ya fuskanci gabas, ya dafa wuyan ragon. Ya yi bisimilla, ya yi kabbara. Ya ce, "Allah ka karɓa daga Bilal." Ya tsaya kaɗan, kamar mai jin sunan a karon farko. "Da Fadimata. Da Raishatu." Sannan ya ɗaga murya, har na bukkokin kusa suka juyo.

"Da Tamu, 'yar Bilal, duk inda take."

Kawu ya ce amin, ya ƙara danne ragon.